Yadda Ake Sarrafa Sharar Masana'antu Ta Zama Kayan Sanyaya Na'urorin Lantarki

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar salula tana caji da tsakar rana a watan Afrilu, ko ya ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka bisa cinyarsa na tsawon sa'a guda, ya san cewa waɗannan na'urori suna ɗaukar zafi. Masu amfani da wutar sola kuwa sun fi kowa sanin haka, domin sau da yawa inbata kan yi ƙara ta kashe kanta a daidai lokacin da aka fi bukatar fanka. A wannan maƙala za mu yi wa jama'a bayani a kan wani fanni da ke ƙara samun karɓuwa a ƙasashe masu ƙarfin masana'antu, wato sarrafa sharar da masana'antu ke zubarwa domin samar da kayan da ke janye zafi daga cikin na'urorin lantarki. Za mu duba abin da ya riga ya shiga kasuwa, da abin da bai wuce ɗakin gwaji ba tukuna, da kuma inda lamarin ya shafe mu.

Inda zafin ke fitowa

Kusan duk wutar da na'ura ta sha, daga ƙarshe zafi take komawa. A cikin kowace waya ko kwamfuta akwai wani ɗan guntun silikon da masu gyara ke kira ayisi, wanda sau da yawa faɗinsa bai wuce na farcen babban yatsa ba, amma yana ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnai da ba su daina kunnuwa da mutuwa muddin na'urar na aiki. A manyan kwamfutoci wannan ɗan guntu kan fitar da zafin da ya kai na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, har ma ya zarce. Idan zafin bai sami hanyar fita ba, na'urar za ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Idan abin ya ɗore, dalmar da aka liƙe sassan da ita ta fara tsattsagewa, batir kuma ya kumbura. Injiniyoyi suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi game da kafasito irin mai ruwa a ciki, cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage tsawon rayuwarsa da kimanin rabi. A yankin da zafin bazara kan haura digiri 40 ko a inuwa, wannan ƙiyasi magana ce da ta shafi aljihun magidanci kai tsaye.

Kowace uwargida ta san cewa idan ta bar cokalin ƙarfe cikin tukunyar miya, ba da jimawa ba zai gagari riƙewa, alhali muciya tana iya daɗewa cikin tuwo ba ta ƙona hannu ba. Dalili shi ne wasu abubuwa suna miƙa zafi da sauri, wasu kuwa suna tare shi. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, jan ƙarfe yana da maki kimanin 400, alminiyum ko sanholo yana da fiye da 200, roba tana da kimanin 0.2, iska kuwa ba ta kai 0.03 ba. Wannan ne ya sa ake ɗora wa ayisi wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, domin ya kwashi zafin ya watsa shi, fanka ta kore shi waje.

Sai dai akwai matsala guda biyu. Ta farko, fuskar ayisi da ta wannan ƙarfe, duk sumul ɗin da ido ke gani, idan aka duba su da madubin da ke ƙara girman abu sai a ga suna da tudu da kwari kamar kunyoyin gona, kuma iska ce ke maƙalewa a cikin kwarin tana tare zafin. Don haka ake shafa wani mai mai kauri kamar man goge baki, ko a shimfiɗa wata roba mai laushi, domin cike giɓin. Ta biyu, a wurare da dama ba za a iya sa ƙarfe ba, saboda ƙarfe yana miƙa wutar lantarki kamar yadda yake miƙa zafi, kuma idan ya haɗa wayoyi biyu na'urar ta ƙone ke nan. Abin da ake nema shi ne wanda zai bar zafi ya wuce amma ya hana wuta. Mafita ita ce a cakuɗa roba ko mai da garin wasu ma'adinai, musamman alumina, wato farin garin da ake samu idan alminiyum ya haɗu da iskar oksijin, wanda makinsa ya kai kimanin 30. Ana kuma amfani da silika, sinadarin da yashi ya ƙunsa. Hasali ma, baƙin jikin nan na ayisi da muke gani idan an buɗe rediyo ko caja, kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na nauyinsa garin silika ne da aka daskarar cikin ƙaro na masana'anta.

A taƙaice dai, kayan sanyaya na'urori gari ne na alumina da silika da silikon da baƙin sinadarin kabon. Kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da ke jibge a bayan manyan masana'antun duniya da sunan shara. Bukatarsu kuwa ƙaruwa take yi, saboda motoci masu amfani da batir, da wutar sola, da manyan rumbunan kwamfutoci da ke riƙe da bayanan intanet, waɗanda Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa sun sha kimanin kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya a shekarar 2024.

Tokar kwal da jan taɓo

Tashoshin wutar lantarki masu ƙona kwal suna fitar da wata toka mai laushi kamar hoda, wadda ake tarewa kafin ta bi hayaƙi ta fice. Ƙasashen Sin da Indiya kaɗai suna tara ɗaruruwan miliyoyin tan na wannan toka kowace shekara. Mafi yawan abin da ke cikinta silika ne da alumina, kuma an daɗe ana zuba ta cikin siminti da bulo. Amma a yankin Mongoliya ta Ciki da ke arewacin Sin, akwai kwal na filin Jungar wanda tokarsa ke ɗauke da alumina har kashi 40 zuwa 50 cikin 100, adadin da ya yi kusa da na wasu duwatsun boksait da ake haƙa musamman domin alumina. Tun wajen shekarar 2010 aka gina masana'antu a can da suka riƙa ciro alumina daga toka. Dole mu faɗi cewa aikin yana cin wuta da sinadarai, yana kuma barin tasa sharar mai yawa, shi ya sa bai yaɗu kamar yadda aka yi fata da farko ba. Duk da haka ya tabbatar da cewa abin yana yiwuwa a ma'aunin masana'anta.

Wani abin sha'awa game da tokar kwal shi ne siffarta. Saboda tsananin zafin tanderu, ƙwayoyinta kan narke a cikin iska su daskare a mulmule kamar ƙananan duwatsun ado. Masu haɗa man sanyaya sun fi son gari mai irin wannan siffa, domin ana iya cusa shi da yawa cikin roba ba tare da haɗin ya yi tauri ya ƙi shafuwa ba, kuma kamfanoni suna kashe kuɗi masu yawa wajen narkar da alumina a harshen wuta mai zafin fiye da digiri 2,000 don kawai su sami wannan siffa. Wasu ƙwayoyin tokar ma kofai ne, cikinsu iska, har sukan taso saman ruwa a tafkunan da ake zuba tokar. Waɗannan aikinsu akasin na farko ne, wato tare zafi, kuma ana sa su cikin fenti da robobi marasa nauyi.

Shara ta biyu ta fi wannan haɗari. Tun da Karl Bayer, wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Ostiriya, ya fito da hanyar dafa dutsen boksait cikin soda mai ƙuna a ƙarshen shekarun 1880, da ita ake samar da kusan duk aluminar duniya. Kowane tan na alumina yana barin tan ɗaya zuwa ɗaya da rabi na wani jan taɓo, wanda tsatsar ƙarfe ta ba shi launi, ragowar soda kuma ta sa yana ƙona fata. Ana tara fiye da tan miliyan 150 a shekara, kuma abin da ke kwance a madatsai ya kai biliyoyin tan. A ranar 4 ga Oktoba, 2010, bangon wata madatsa ya fashe kusa da garin Ajka na ƙasar Hangari, taɓon da ya kai kimanin mita miliyan ɗaya mai siffar kubu ya malale cikin ƙauyuka, mutum 10 suka rasa rayukansu, wasu fiye da 100 suka jikkata. Tun daga lokacin aka ƙara ƙaimi wajen neman abin da za a yi da shi. Masu bincike sun gwada ciro ragowar alumina da ƙarfe daga cikinsa, sun kuma gwada gasa shi ya zama tangaran ko garin cakuɗawa cikin roba, amma har yanzu abin da ake amfana da shi ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ake zubarwa.

A cikin wannan aikin dafa boksait ne ake yin tsintar dami a kala. Akwai wani ƙarfe da ake kira galiyom, wanda ba a haƙa masa rami na kansa, sai dai a tace shi daga ruwan sodar da aka dafa boksait a ciki, abin da ba a tace ba kuma ya salwanta. Yana narkewa a digiri 29.8, wato idan aka ajiye shi a tafin hannu zai zama ruwa, a garuruwanmu kuwa da bazara ba sai an taɓa shi ba. Idan aka haɗa shi da kuza da wani ƙarfe mai suna indiyom, sai a sami ruwan ƙarfe da ke miƙa zafi ninkin ba ninkin man sanyaya na yau da kullum. Da irin wannan ruwan ƙarfe kamfanin Sony ya sanyaya na'urar wasan PlayStation 5 da ya fitar a 2020. Ƙasar Sin ce ke samar da fiye da kashi 90 cikin 100 na galiyom, kuma a 2023 ta kafa sharaɗin neman izini kafin a fitar da shi waje, lamarin da ya sa wasu ƙasashe suka koma duba nasu masana'antun alumina. Tokar kwal ɗin Jungar da muka ambata ita ma tana ɗauke da shi. Muna jan hankalin masu gyara cewa ruwan ƙarfen nan yana miƙa wuta, yana kuma cinye alminiyum, don haka bai dace da kowace na'ura ba.

Garin zarto da kashin maƙera

Farantan sola da ke bisa rufin gidajenmu daga sandunan silikon ake yanko su, falle-falle, da wata siririyar waya mai ɗauke da ɓarɓashin lu'ulu'u. Kamar yadda kafinta ke asarar katako a bakin zarto, haka masu yankan nan ke asarar kimanin kashi ɗaya cikin uku na silikon ɗin, wanda ke zuba a matsayin gari. Abin takaici shi ne silikon ne da aka riga aka kashe wuta mai yawa wajen tsarkake shi. Idan aka wanke garin aka gasa shi tare da kabon, yana zama silikon-kabayid, idan kuma aka gasa shi cikin iskar naitirojin, ya zama silikon-naitirayid. Dukkansu suna miƙa zafi fiye da alumina, kuma da nau'in na biyu ake yin farantan da ake ɗora sassan wuta na motoci masu batir. A ganinmu wannan shara ce ta fi kowace alamun nasara, domin tun asali tsaftatacciya ce.

Masana'antun ƙarfe ma suna da nasu. Idan narkakken ƙarfe ya fara hucewa, wani baƙin ɓawo mai ƙyalli kan taso, wanda girafayit ne, irin na bakin fensir. Ana kuma samun girafayit mai yawa a tsofaffin batiran waya da na mota. Wayoyin zamani suna da siririn falle na girafayit a bayan gilashi ko batir da ke baza zafi don kada ya taru wuri guda, kuma ana gwajin yin irinsa daga waɗannan ragowar.

Akwai kuma wanda maƙeranmu masu zuba tukwane suka sani sarai, wato dattin da ake yaɗewa daga saman narkakken alminiyum, kashin maƙera na sanholo ke nan. Yana ƙunshe da alumina da gishiri da ragowar ƙarfen, har da alminiyum-naitirayid, wanda idan tsantsarsa ce yana cikin mafi tsada da inganci a kayan sanyaya na'urori, makinsa yakan kai 170 ko fiye. Shi kansa tsohon alminiyum, sake narkar da shi yana cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kacal na wutar da ake bukata wajen samar da sabo, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya daɗe da zama kasuwanci. Sai dai idan aka cakuɗa tarkace iri-iri ba tare da tantancewa ba, ƙarfin miƙa zafinsa kan faɗi zuwa kusan rabi.

Inda gizo ke saƙar

Mai karatu zai iya tambaya, tun da kayan suna zube kyauta, me ya hana a cika kasuwa da su? Amsar ita ce tsabta. Siminti yana haƙuri da datti, ayisi ba ya yi. Ɗan ɓarɓashin ƙarfe a cikin garin ya isa ya haɗa wuta. Ragowar soda ko gishiri, idan ta sami danshi, sai ta fara cinye siraran wayoyin da ke ciki. Kuma shara ba ta da tabbas, tokar da tasha ta fitar a wannan wata ba lallai ta yi daidai da ta watan gobe ba, alhali mai ƙera na'ura yana son kowane buhu ya zo iri ɗaya.

Akwai wani labari da ke nuna iyakar tsananin. A 1978, wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Intel, Timothy May da Murray Woods, sun gano dalilin da ya sa ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta ke yin kuskure jefi-jefi ba tare da wani abu ya lalace ba. Ashe ɗan ɓurɓushin yuraniyom da toriyom ne da ke cikin kayan da aka rufe guntun da su, yana fitar da tururin da ke juya lamba ɗaya ta koma sifiri. Daga nan aka ɗora doka mai tsanani a kan garin da ake rufe irin waɗannan guntaye da shi. To, tokar kwal da jan taɓo duka suna ɗauke da ɗan abin da ba a rasa ba na waɗannan sinadarai biyu. Tsarkake su zuwa matakin da ake so na iya cin kuɗin da ya wuce na sayen sabon ma'adini. Saboda haka ne muke ganin cewa kayan da aka samo daga shara za su fara shiga ne ta inda sharuɗɗa ke da sauƙi, kamar fitilu da caja da akwatunan batir da robar da ake cika taransifoma da ita, kafin su kusanci zuciyar kwamfuta. Yawancin sakamakon da ake bugawa na ɗakin gwaji ne, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Inda abin ya shafe mu

Ba mu da tulin jan taɓo ko garin silikon a wannan yanki, amma muna da ɓuntun shinkafa, wanda ke tashi kamar tsauni a bayan injinan casa a Kano da Kebbi da Jigawa da sauran wurare. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma idan aka ƙone shi, kimanin kashi ɗaya cikin biyar nasa ke zama toka, wadda kashi 85 zuwa 95 cikin 100 nata silika ce. Ke nan tan guda na shanshera zai ba da ɓuntu wajen kilo 200, toka wajen kilo 40, silika kuma wajen kilo 35. Tun 1973 wani malami a Jami'ar Yuta ta Amurka, Ivan Cutler, ya yi rajistar hanyar mayar da ɓuntu silikon-kabayid, ganin cewa Allah ya riga ya haɗa silika da kabon wuri guda a cikinsa. Kamfanin taya na Goodyear kuma ya fara amfani da silikar tokar ɓuntu tun wajen 2015, abin da ke nuna cewa akwai masu saye idan kayan ya cika sharaɗi.

Sharaɗin kuwa yana farawa daga yadda aka ƙone shi. Cinna wa tulin ɓuntu wuta a fili yana ba da baƙar toka mai gauraye da ƙasa, ga hayaƙin da ke damun maƙwabta. Silika mai daraja tana bukatar a wanke ɓuntun, a ƙone shi a tanderun da ake iya daidaita zafinsa kada ya wuce wajen digiri 700, domin idan ya zarce sosai silikar kan rikiɗe zuwa nau'in da ƙurarsa ke lahanta huhu. Wannan aiki ne da ya dace da jami'o'i da kwalejojin fasaha, tare da Hukumar Bincike da Bunƙasa Albarkatun Masana'antu da aka kafa a 1987, da masu injinan casa da ke da niyyar zuba jari.

Wajibi ne mu ja kunnen jama'a cewa babu ɗaya daga cikin ayyukan da muka zayyana da ake yi a tsakar gida. Idan ba a manta ba, a 2010 an gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje ya yi sanadin rasuwar yara fiye da 400. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Haka nan, kada a yarda wani ya shigo da shara daga waje da sunan za a sarrafa ta, kamar yadda aka jibge dubban tan na shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, kafin a ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991. Duk mai son kafa irin wannan sana'a ya fara da neman izinin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 domin tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, da kuma ma'aikatar muhalli ta jiharsa.

Ga maƙera masu zuba tukwane kuma, dattin nan da ake yaɗewa daga saman narkakken alminiyum bai kamata a zubar da shi a kwata ko kusa da rijiya ba. Idan ruwa ya taɓa shi yana fitar da iskar amoniya mai wari mai hawa kai, tare da wasu iskoki masu kama wuta. A tara shi a busasshen wuri mai rufi da iska ke ratsawa, nesa da ɗakin kwana da wurin wasan yara, musamman idan damina ta kawo kai.